Fatawa: Kai Iyali Otal Mai Wurin Wasan Ruwa a Hutun Ƙarshen Mako

Tambaya

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni mazaunin unguwar Bronx ne a birnin Niyok, sana'ata tuƙin tasi. 'Ya'yana uku: babbar mace ce mai shekara 12, sai namiji mai 8, sai auta mai 4. Idan sanyi ya shigo yara ba sa zuwa ko'ina, daga makaranta sai gida sai islamiyya. Abokan karatunsu sun cika musu kunne da labarin otal-otal ɗin tsaunukan Pocono masu wurin wasan ruwa a cikin gini. Na yi musu alkawarin idan sakamakon jarrabawa ya yi kyau zan kai su, kuma ya yi kyau. Shirina mu tafi ranar Juma'a mu dawo Lahadi. Sai uwargida ta ce ita ba ta ga yadda za ta shiga irin wannan wuri ba. Shin ya halatta mu je? Idan mun je, yaya sallarmu?

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya raya zuri'a, ya saka wa uwargida da alheri, don ta ɗora yatsa daidai inda ciwon yake.

Mu fara da abin da babu jayayya a kansa. Fitar da iyali su sha iska halal ne, kuma da kyakkyawar niyya har lada ake samu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha a halin tafiya, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito, ya kuma tsaya ya kāre ta tana kallon Habashawa suna wasa da māsu a masallaci har sai da ta gaji don kanta. Da Hanzala ya zo yana tuhumar kansa da munafunci saboda yana wasa da iyalinsa bayan ya bar majalisin Annabi, amsar da ya samu ita ce lokaci kaza na wannan, lokaci kaza na wancan. Shi kuwa iyo ya wuce wasa. An ruwaito Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Ubaida cewa a koya wa yara iyo. A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta bayyana nutsewa a ruwa a matsayin abin da ya fi kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4. Wanda ya koya wa ɗansa iyo ya ba shi makamin tsira. Saboda haka duk mai ce maka ruwa ko nishaɗi ne haramun, ka nemi ya kawo dalili.

Matsalar tana cikin zauren ne. Ga waɗanda ba su san wurin ba: katafaren gini ne rufaffe, ana riƙe ɗuminsa a wajen digiri 29 a ma'aunin Celsius ko da dusar ƙanƙara na zuba a waje. A ciki akwai tafki mai igiyar ruwa ta inji, da rafi mai zagaye da ake kwanciya a kan tayar roba yana jan mutum, da dogayen bututun zamiya. A garin Wisconsin Dells aka fara haɗa irinsa da otal a Amurka cikin shekarun 1990, daga baya ya bazu har Pennsylvania inda kake son zuwa. Duk abin da na lissafa babu haramun a cikinsa. Amma ɗaruruwan maza da mata baligai suna ciki tare, mafi yawansu sanye da abin da bai kai kamfai ba, ana layi kafaɗa da kafaɗa a kan matakala, igiyar ruwa tana watsa wannan a jikin wancan.

Malamanmu na da sun san abin da ya yi kama da wannan, wato hammam, gidan wankan jama'a mai ruwan zafi da Musulmi suka tarar a Sham. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya shiga hammam ba tare da gyauto ba, kada ya shigar da matarsa hammam, kada kuma ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Duk wanda ya yi karatun zaure ya haddace maganar Ibn Abi Zaid a Risala: namiji ba ya shiga hammam sai da gyauto, mace ba ta shiga sai da lalura. To lura, Malam, wancan hammam ɗin maza daban ne, mata daban, amma aka tsaurara haka saboda abin da ido zai gani tsakanin jinsi guda. Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id cewa namiji ba ya kallon al'aurar namiji, mace ba ta kallon al'aurar mace. Ina ga wurin da aka cakuɗa kowa da kowa?

Na san abin da za ka ce, don an sha faɗa mini: ai lokacin zafi a titin Niyok ma haka ake yawo, kuma kai direba ne, kullum kana ɗaukar irinsu. Gaskiya ne, amma shari'a ta raba tsakanin abin da ya same ka da abin da ka je ka samu. Jarir ya tambayi Annabi game da kallon ba-zata, aka umarce shi ya kawar da idonsa. Titi hanyar abincinka ce, babu makawa sai ka bi, kuma kana iya kawar da kai. A zauren ruwa kai ka biya kuɗi ka shiga, za ka yi awa biyar ko shida, kuma dole idonka ya zama a buɗe tar yana yawo cikin jama'a, don kana gadin yaro ɗan shekara 4 a bakin ruwa. Umarnin runtse ido da ke Suratun Nur, aya ta 30 da ta 31, da wajibcin tsare ran yaro sun yi karo a wuri guda, kuma kai ka haɗa su karo da hannunka.

Akan ce ai an yi kayan iyo na mata masu rufe jiki duka, wanda wata Musulma 'yar Ostireliya, Aheda Zanetti, ta fito da shi a 2004. Kayan sun yi amfani, musamman a tafkin mata zalla. Sai dai tufa idan ta jiƙe takan lafe a jiki ta siffanta shi, sannan ko ta rufe uwargida ruf, ta magance abin da za a gani a jikinta ne kawai, ba ta magance abin da ita da kai da yara za ku gani ba.

Saboda haka abin da ya rinjaya a wurina: bai halatta gare ka, ko uwargida, ko 'yarka mai shekara 12 ku shiga wannan zaure a lokacin da yake buɗe ga kowa ba. Yarinyar tana bakin balaga, wataƙila ma ta balaga, hukuncinta na manya ne a nan. Namijin mai shekara 8 alƙalami bai hau kansa ba, amma ya kai shekarun da ake umartarsa da salla, kuma ya san bambancin jikin mace da na namiji. Abin da ya ga babansa ya biya kuɗi ya kai shi, shi zai ɗauka daidai ne, komai yawan abin da malamin islamiyya zai faɗa ranar Asabar. Auta kam babu komai a kansa. Hanbalawa ma sun ce wanda bai kai shekara 7 ba al'aurarsa ba ta da hukunci. Da a ce duka 'ya'yanka irinsa ne, kuma za ka je a tsakiyar mako da sassafe, ka tsaya a ɓangaren ƙanana inda ruwa bai wuce gwiwa ba, kana sanye da riga da wandon da ya rufe cibiya zuwa gwiwa, da ban ce haramun ba kai tsaye, da na ce barinsa ya fi, kuma kowa ya san zuciyarsa. Amma tambayarka a kan ƙarshen mako ce, lokacin da wurin ya fi cika, da yarinya budurwa.

Saura alkawari, kuma kada ka raina shi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi tana cewa zo in ba ka, Annabi ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya ce da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Alkawarin da cika shi zai kai ga saɓo ba a cika shi yadda yake, amma ba a share shi a yi shiru. Ka zaunar da su ka faɗa musu dalili, ka musanya musu da abin da ya kai shi ko ya fi. Yaron da aka tashe shi a ƙasar nan yana jin kalmar haramun a duk abin da abokansa ke morewa, ba tare da an ba shi madadi ba, wata rana zai ɗauka addinin ne ba ya son farin cikinsa. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan zauren ruwan.

Madadin kuwa yana nan a Pocono ɗin. Ana ba da hayar gidaje na kwana biyu ko uku, wasu da tafkin iyo a cikin gini. Ku haɗu gida biyu ko uku ku raba kuɗin, mata da 'yan mata su ɗauki safiya, maza su ɗauki yamma, a tabbatar babu kyamara a wurin tafkin, a kuma ajiye wayoyi, don hoto guda idan ya shiga WhatsApp ba ya dawowa. Akwai kuma zamiya a kan dusar ƙanƙara da tayar roba a tsaunin Camelback, inda sanyi da kansa ya tilasta wa kowa sutura daga kai har ƙafa. A wasu biranen ƙungiyoyin Musulmi kan kama wurin wasan ruwa gaba ɗaya na 'yan awoyi, su sa dokar sutura. Idan an raba lokacin maza da na mata, ku je da izinin Allah. Ku jama'ar Bronx kuna da yawan da za ku iya shirya irin wannan, kuɗin da ake kashewa a suna ɗaya ya isa kafin alƙalami.

Duk inda kuka je, ran yaro amana ce. Ɗan shekara 4 ba ya wuce inda hannunka zai kai, ko da ya sa rigar hana nutsewa, kuma ba a damƙa shi ga yayarsa a tafi hira. Nutsewar yaro ba ta da ihu, shiru take faruwa. A gidan haya babu ma'aikacin ceto, kai ne shi. Yaron da ke gudawa kada a sa shi a ruwa, don akwai ƙwayar cutar da ke rayuwa kwanaki a cikin ruwa mai kulorin ta kama 'ya'yan wasu, kuma cutarwa haramun ce. Ka koya musu hanin Annabi game da fitsari a ruwan da ba ya gudu. Shi ruwan tafkin, a mazhabar Malik, ba ya zama najasa sai launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya canza da najasar, don haka wanda ya fito ba sai ya yi wanka kafin salla ba. Alwala dai a yi ta a famfo.

Batun salla. Kada ku fita ranar Juma'a kafin ka sallaci Juma'a: a wurin Malikawa tafiya bayan fitowar alfijir makaruhi ce, bayan rana ta karkata kuwa haramun ce ga wanda Juma'a ta wajaba a kansa, sai in zai same ta a hanya. Daga Bronx zuwa Pocono wajen mil 90 ne, wato kusan kilomita 145, ya haura nisan ƙasaru, wanda yake kilomita 80 da 'yan kai, kuma kwana biyu bai kai kwana huɗun da ke yanke hukuncin tafiya ba. Akwai wani ɗan zare a nan da ɗalibai kan manta. Shehu Khalil a Mukhtasar ya ce ƙasaru sunna ce ga matafiyin da ba mai saɓo da tafiyarsa ba, ba kuma mai wargi ba, masu sharhi suka ce makaruhi ne ga mai tafiyar wargi, kamar mai farauta don nishaɗi kawai, amma in ya yi ba ya ramawa. Hanafawa ba sa duba dalilin tafiya sam, Hanbalawa kuma a mashhurin zancensu sun yarda da ƙasaru a tafiyar shan iska. Ina ganin uban da ya fita don sauke haƙƙin iyalinsa ba mai wargi ba ne, don haka ka yi ƙasarun Azahar, La'asar da Isha, in kuma ka cika sallarka ta yi. Haɗa salla biyu ka bar shi ga lokacin da kuke kan hanya. Idan kun sauka, kowace a lokacinta, kuma ka sa ƙararrawa a waya, don a watan Disamba rana kan faɗi a can tun wajen ƙarfe huɗu da rabi, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kafin gashin yara ya bushe.

Wajen kwana, 'yar shekara 12 ba ta haɗa shimfiɗa da ƙanenta, saboda umarnin raba makwanci daga shekara 10. Abinci ku tafi da naku, ko ku tambaya, don naman alade yana ɓuya a fiza da wasu alewoyi masu taushi. Ɗakunan wasan na'ura da ake zuba kuɗi don a ci tikiti a musanya da kyauta, duk wanda sa'a ce ke hukunci a cikinsa caca ce, ko da kyautar 'yar tsana ce. Kuɗin tafiyar kuma ya fito daga abin da ke hannunka. Idan sai ka ɗora a katin bashi ruwa ya hau, ko sai ka tsallake abin da kake aika wa mahaifiya a gida, to a ɗaga tafiyar zuwa wani watan, ka gaya wa yara ranar da ka sa.

Wallahu a'alam.