Ga ɗan'uwan da manhajarsa ke rufe kanta a wayoyin masu gwaji

Ɗan'uwa, wallahi ciwonka nawa ne. Ka ce a wayarka manhajar lafiya lau, amma a hannun masu gwaji da ta buɗe sai ta rufe kanta, har wasu sun fara zamewa tun kwana 14 ɗin Play Console (shafin Google na ɗora manhaja, inda ake so mutum 12 su gwada ta tsawon waɗannan kwanakin kafin a fitar da ita) ba su cika ba.

Tukuna, da wace waya kake gwadawa? Mutanenmu Tecno, Itel da Infinix suke riƙewa, da yawa masu RAM 2GB, ga ma'aji cike da bidiyon WhatsApp. In kana Kano, shiga kasuwar waya ta Farm Centre ka sayi tsohuwar Itel ko da gilashinta a fashe yake, ita za ta gaya maka gaskiya. Sau da yawa manyan hotuna ne ke shaƙe irin waɗannan wayoyin, ka rage musu girma kafin a loda. Ka saka Crashlytics, mai kawo rahoto duk sanda manhaja ta rufe kanta, yau ɗin nan, zai nuna maka layin da ya faɗi da irin wayar.

Amma don Allah kar ka biya kowa kuɗin masu gwaji. Ni wani na haɗu da shi, bakinsa kamar zuma, ya ce yana da mutum 12 a shirye. Na tura masa kuɗin da na ware don data. Ashe asusun imel ya buɗe barkatai a wayoyi biyu, ba wanda ya taɓa buɗe manhajar. Da na nemi izinin fitar da ita, aka ce gwajin bai wadatar ba, a sake daga farko. Na kira shi ya fi a ƙirga, ƙarshe ya toshe ni. Abin da ya fi ƙona min rai, bayan nan na gan shi a wani zaure yana tallar wannan aikin, har ana yi masa godiya! Na bar shi da Allah.

Nemi 'yan gida da abokan makaranta, su haura 12 saboda masu zamewa, ka riƙa bin su da kira. Kuma in ka saka AdMob, tsarin Google na sa talla a manhaja, ka ja musu kunne kar su yi ta danna talla wai taimakonka suke yi, rufe asusunka na AdMob za a yi kafin ka ga dala 100 ɗin farko da sai sun taru ake biya. Makullin sa hannunka kuwa, wato fayil ɗin da kake sa wa manhajar hannu da shi kafin ka ɗora ta, ajiye shi wuri biyu.

Turo hoton Logcat ɗinka, wato rubutun da ke nuna abin da ya faru a waya sanda manhajar ta rufe, mu duba tare. Allah Ya dafa.