Tambaya da Amsa: Na ajiye wa tsuntsaye ruwa, sai sauro ya riga su zuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni uwargida ce a Hotoro. Tun da zafi ya kama na ajiye bokitin ruwa a bayan gida saboda tsuntsaye. Yau mako uku ko kurciya ban gani ba, sai wasu ƙananan tsutsotsi da ke wutsil-wutsil a ciki. Maigida ya ce 'ya'yan sauro ne, in ɗiga kananzir. Mai sayar mana da maganin kaji kuma ya ce in fasa kafso ja-da-rawaya a ruwan, kada tsuntsayen su kawo wa kajina cuta. Ina da ƙananan yara, ina tsoron zazzaɓi, kuma ba na so in ɗauki alhakin tsuntsaye. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ajiye wayar tukuna, ki je ki kifar da ruwan nan a kan busasshiyar ƙasa, a rana. Maigida ya yi gaskiya, 'ya'yan sauro ne. A zafin Kano, daga ƙwai zuwa sauro mai cizo bai fi kwana 7 zuwa 10 ba. Cikakken bokiti a gidan da akwai mai rarrafe ma wani haɗarin ne daban.

Bokitin ne ya kore miki baƙin. Yana da zurfi, yana da santsi, ƙaramin tsuntsu ba shi da wurin dafa ƙafa. Nemi faffaɗan kaskon ƙasa wajen masu tukwane, mai kaushi, ki zuba ruwan da bai wuce santimita 3 zuwa 5 a tsakiya ba, wato gaɓar yatsa biyu, ki jefa duwatsu biyu ko uku da kansu zai leƙo. Ɗora shi a kan bulo ko tsohon turmi, a inuwar darbejiya, amma taku uku daga katanga ko duhuwar da mage za ta iya laɓewa. Tsuntsu in ya jiƙe tashinsa yana nauyi, ya san haka, shi ya sa ba ya sauka inda ba ya hango abin da ke zuwa. Sai ki huda gorar ruwa da allura ki rataye a sama tana ɗiga. Wannan ɗigon ya fi komai kiran su, kuma sauro ba ya son ruwa mai motsi.

Kurciya da gwara za su fara zuwa, da sassafe da kuma bayan la'asar. Ƙananan tsuntsayen nan, baiwar Allah da asisi, sai sun ga an daɗe lafiya. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, ga kududdufan cikin gari an cike da yawansu an yi gini, ba za su yi miki yanga ba. Da damina kuwa kada ki ji haushi in sun ɗauke ƙafa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki.

Kananzir yana kashe 'ya'yan sauro, ban musa ba. Yana shimfiɗuwa a saman ruwa ya toshe musu numfashi. To wannan shimfiɗar ce tsuntsu zai shiga ya yi wanka. Man ya ɓata masa gashi, ya zauna yana gyarawa da baki, ya haɗiye. Ba a gabanki zai mutu ba, can kan rufin maƙwabta ne, ke kuma kina nan kina lissafin lada.

Amma kafson nan, Hajiya, shi ne ciwon kaina na kullum. Ba na wuni a wurin aiki ban ga wanda ya fasa ja-da-rawaya a ruwan kaji ba. Kaza ta yi atishawa, kafso. Ta ƙi cin dusa, kafso. Lafiyarta ƙalau, kafso, wai rigakafi. Yanzu har an kai ga tsuntsayen Allah da ba na kowa ba. Ki tambayi mai maganin nan, baiwar Allah da ba ta kai nauyin akwatin ashana biyu ba, nawa ne rabonta a cikin kafson? Hazbiya fa? Wa ya auna? Wace cuta ake kashewa, wa ya gano ta? Ba zai amsa ba, domin shi ciniki ya fito.

Abin da ke cikin kafson maganin bakteriya ne. Murar tsuntsaye, in ita kike tsoro, ƙwayar bairos ce, ba bakteriya ba, ko kwali guda kika juye ba ruwanta. Ciwon maƙogwaron nan da ke kama kurciya da tantabara, ki ga baki ya cika da wani abu rawaya kamar cuku, tsuntsu yana son haɗiya ya kasa, shi ma wata ƙwayar ce daban, wadda ruwan da ya kwana ke yaɗawa. Ga shi kuma rana tana lalata maganin. Ɗan abin da ya rage bai isa ya kashe ƙwayar cuta ba, sai dai ya koya mata jure magani. Tsuntsun ya tashi ya yi kashi a tsakar gidan wani, a bakin rijiya, a kan tabarmar da aka shanya gero. Ranar da yaro ya kwanta, likita ya rubuta magani, a ga ba ya ci, sai a ce sammu ne. Masu yawo da lasifika a kasuwa suna tallar magani ɗaya mai warkar da cuta arba'in, ana gani, an zuba ido. Hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare duk mun san shi, kuma ruwa ya ba shi, tsurarsa. Kada ki sa Dettol, kada ki sa gishiri ko sukari.

Maganin sauro da na cuta duka hannunki ne. Sayi kasko biyu. Kullum da safe ki zubar da ruwan jiya, ki goge da soso saboda ƙwan sauro da ke mannewa a gefe, ki bar wannan ya bushe ƙayau a rana, ki zuba sabon ruwa a ɗayan.

Kajinki kuwa, raba su da kaskon shi ne rigakafi. Murar tsuntsaye ta shigo Najeriya a 2006, Kano na cikin jihohin farko da ta taɓa, ta kuma dawo a 2015, masu gonakin kaji ba su manta ba. Ruwan kaji da abincinsu su zauna cikin akurki, kaskon tsuntsaye can ɗaya ƙarshen gidan, soson kowa daban. Idan gidan bai da filin da za a raba su, ki haƙura da kaskon. In kuma kika tsinci matattun tsuntsaye biyu ko uku a kusa, kada yara su taɓa, ki ɗauke kaskon na mako biyu, ki sanar da asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa da ke.