Injin jirgina yana misin idan ya yi zafi: laifin ECU ne?

Tambaya: Na harhaɗa ƙaramin jirgi mai kujera biyu a Amurka, na sa masa injin Lycoming O-320, na cire kafireta da magneto (mai ba fulogi wuta ba tare da batir ba) na maye gurbinsu da ECU, kwamfutar da ke sarrafa mai da wuta. Da sanyi lafiya lau yake, amma da ya yi zafi sai ya fara misin wajen juyi 2,200 a minti, allurar juyi tana tsalle. Abin ya fi muni idan na danna rediyo zan yi magana. In sake lissafin mai ne, ko in sayi sabuwar ECU?

Amsa: Malam, ka bar lissafin mai yadda yake, kuɗin ECU kuma ka riƙe abinka. Ita wannan na'ura ba kasafai take lalacewa ba. Abin da ake aika mata ne yake gurɓacewa, ita kuwa da shi take aiki. Jirgin nan kada ya bar ƙasa sai an gano matsalar, domin injin da ba shi da magneto rayuwarsa duk tana hannun lantarki.

Tsallen allurar nan shi ne bakin zaren. Inji mai ɗauke da farfela ba ya iya ƙara juyi 500 ya dawo cikin ƙiftawar ido, nauyi ba zai bar shi ba. Idan maƙurewar mai ce, juyin sauka yake a hankali. Tsalle kuwa yana nuna saƙon sensar karanshaf yana yankewa, ko wata hayaniyar lantarki tana shiga cikinsa, sai ECU ta ƙirga juyin ƙarya ta kunna fulogi ba a kan lokaci ba. Idan na'urarka tana ajiye bayanai, zazzage su ka duba layin juyi da na ƙarfin wuta a daidai daƙiƙar da ya yi misin.

Amma kafin ka taɓa sensar, fara da wuta. Batirin dalma da ya huta ya kamata ya nuna kusan volt 12.6, idan inji na aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. A bakin soket ɗin ECU za ka auna, ba a kan batir ba. Sannan ka ɗora ƙafar mita ɗaya a nagetif ɗin batir, ɗaya a nagetif ɗin ECU, ka kunna fitilu da famfon mai. Idan ya wuce 0.1, akwai tsatsa, ko fenti a ƙarƙashin kan waya, ko notin da ya saki. Gangar inji tana bukatar wayar nagetif mai kauri irin ta sitata, zai fi kyau ma guda biyu. Idan babu, wutar sitata da ta altaneta kan bi ta siraran wayoyin sensa, daga nan duk awo ya rikice.

Ita sensar karanshaf, duba gibinta ka gwada da adadin da kamfanin ya rubuta, ka girgiza mariƙinta da hannu. Ko motsi kaɗan ya isa, don zafi na buɗa ƙarfe, gibin da ke bakin iyaka da sanyi sai ya fita idan inji ya ɗumama. Bi wayarta tun daga hancin inji har bangon da ya raba inji da wurin zaman matuƙi. Kada ta kwanta tare da wayoyin fulogi ko na kwayil ko babbar wayar altaneta. Idan dole su haɗu, su gitta juna. Ragar da ke lulluɓe da ita a gefe ɗaya kawai ake haɗa ta da nagetif, gefen ECU. Fulogi kuma su zama masu rezista, wajen om 5,000. Wayar da aka yi wa soda a wurin jijjiga kan karye a cikin rigarta daidai inda dalmar ta ƙare, ido ba ya gani, shi ya sa a jirgi aka fi son matsewa da filayar da ta dace. Da inji a kashe, makunni a kunne, ka murza kowane soket kana kallon allo.

Rediyon jirgi yana aiki tsakanin megahaz 118 da 137, kuma eriyar da ba ta zauna da kyau a jikin jirgi ba kan mayar da ƙarfin ta bayan kebul ɗinta. Auna SWR, wato ma'aunin ƙarfin da eriya ke mayarwa baya, kada ya wuce 2 da 1, ka raba kebul ɗin da wayoyin ECU. Idan wuta ce ke faɗuwa lokacin da ka danna, to rediyo da ECU suna cin layi ɗaya, a ba ta nata fiyus ɗin.

Mai ba shi ne babban abin zargi a nan ba, amma gwajinsa ba wuya. Yawancin irin wannan tsarin na aiki da matsin mai kusan bar 3. Idan ma'aunin yana rawa da zafi, mai ne ke tururi kafin ya shiga famfo: matata ta toshe, ko tiyo ya kusanci salansa, ko man da ke dawowa ba ya komawa tanki. Sensar MAP kuma, mai auna matsin iskar da ke shiga inji, da inji a kashe, ta nuna matsin iskar filinku, kusan inci 29.9 a gaɓar teku, yana raguwa da kusan inci 1 a kowace ƙafa 1,000. Wani abu kuma, idan man jirgi 100LL kake sha, dalmarsa tana kashe sensar oksijin, don haka kada ka bar ECU tana gyara mai da kanta bisa abin da wannan sensar ta faɗa.

Gyara ɗaya za ka riƙa yi kafin kowane gwaji, ka rubuta, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi magani ba. A ɗaure wutsiyar jirgin, a sa wa tayoyi waigi, kowa ya yi nesa da farfela. Bari injin ya kai zafin da yake misin, ka tsaya a 2,200, ka danna rediyo sau da yawa da duk fitilu a kunne. Idan gyaran ya kai ga sauya ECU ko tsarin wuta baki ɗaya, duba takardar sharuɗɗan da FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, ta ba jirginka, domin babban sauyi yana mayar da shi zangon gwaji na aƙalla sa'o'i 5.