Tambayi Likitan Dabbobi: Rogo da Dankali ga Tunkiya Mai Ciki

Tun da aka shiga tonon rogo da dankali, tambayoyin da ke zuwa mana suka karkata wuri guda: ko ya dace a ciyar da tunkiya mai ciki da abin da aka tono daga ƙasa. Ga huɗu daga cikinsu.

Tambaya: Likita, ina kiwon tumaki 'yan ƙasa a gefen Lafiya, yawancinsu da ciki. Masu yin garin rogo a unguwarmu kyauta suke ba da ɓawo, ita kuwa dusa ta yi tsada. In maye gurbinta da ɓawon?

Amsa: Malam, ɓawon rogo abinci ne, amma da sharaɗi biyu: kada a ba da shi ɗanye, kada kuma ya zama shi kaɗai ne abincin.

Rogo, musamman mai ɗaci wanda ake garin kwaki da shi, yana ɗauke da sinadarin da ke rikiɗewa ya zama gubar sayanayid, kuma a ɓawo ya fi taruwa. Dabba mai tuƙa ta fi saurin kamuwa, domin ƙwayoyin da ke cikin tumbinta su ne ke saurin fito da gubar. Tunkiya ta cika ciki da ɗanyen ɓawo, kafin a ankara ta fara haki, jiki na rawa, ta faɗi tana shure-shure. Wani lokaci ko likita ba ya isowa. Rigakafin wannan kuwa rana ce, ba ka biyan ko kwabo. A wanke ƙasar da ke jikin ɓawon, a baza shi kan daɓe ko leda ba a jibge ba, a riƙa juyawa har ya bushe ƙaras, in an karya ya yi ƙara. Wanda ya yi funfuna a zubar.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda makiyaya suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Cikin tunkiya kwana 147 ne ko kusa da haka, wata biyar ke nan, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na girman ɗan tayi a makonni shida na ƙarshe yake faruwa. A daidai lokacin ne hantsa ke haɗa dakashi, nonon farko da rayuwar ɗan tunkiya ta rataya a kansa. Duk wannan gini ne, kuma gini furotin yake so. Rogo yana da sitaci, yana ba da ƙarfi, amma furotin ɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Tunkiyar da aka riƙe da ɓawo zalla za ka gan ta ciki a cike, sai ranar haihuwa ta haifi ɗan tsurut, hantsa kuma ba komai. Saboda haka harawar wake ko ta gyaɗa ita ce tushe. A kanta sai a haɗa busasshen ɓawo da dusa da ɗan angurya ko tunkuza, ko 'ya'yan gawo in akwai. A fara da cikin tafin hannu, a riƙa ƙarawa sannu a hankali har mako biyu, a raba safe da yamma.

Akwai kuma maganar maƙoƙo. Ragowar gubar rogo, ko da ba ta kai ta kashe ba, tana hana jiki amfani da sinadarin aidin, sai a haifi 'ya'ya da kumburin wuya, marasa kuzari. A ajiye musu gishiri mai aidin ko dutsen lasa na shagon magungunan dabbobi. Kanwa ba ta maye gurbin wannan, ko da tumaki na sonta.

Tambaya: Bayan mun tone dankalin Hausa na saki tumakina a gonar su yi kala. Washegari biyu suka kumbura suna zawo, ɗaya mai tsohon ciki ta kwanta ta ƙi cin komai. Me ya same su?

Amsa: Hajiya, alamun da kika faɗa sun fi kama da tsamin tumbi. Dabbar da ta saba da busasshiyar ciyawa, rana ɗaya ta samu zaƙi da sitaci ta ci iya cinta, sai abin ya yi tsami a cikinta, tumbin ya daina juyawa. Ki fitar da su daga gonar yau, ki ba su harawa ko busasshiyar ciyawa kawai, a janye dusa da hatsi tukuna.

Wadda ta kwanta ita ce damuwata, kuma a kira mata likita ba tare da jira ba. Tunkiya mai tsohon ciki, musamman mai ɗauke da tagwaye, ba ta jure yini biyu babu ci. 'Ya'yan da ke cikinta suna ci gaba da zuƙe sikarin jininta, jikin ya koma narkar da kitse, gubar kitsen ta taru a jini. Za ki ga ta ware daga garke, tana cizon haƙora, kai a sama, kamar ba ta gani. In aka tare ciwon da wuri, da ruwan gulukos a jijiya da maganin ɗura mai ƙara kuzari, akan ceto ta. In ta daɗe a kwance, sau da yawa uwa da 'ya'ya ake asara. Ƙarancin kalsiyam ma yana kwantar da su haka, shi kuwa allura ɗaya kan tashe su cikin ɗan lokaci, shi ya sa likita ne zai bambance. Roƙona ɗaya: dabbar da ba ta iya haɗiya kada a yi mata ɗure, ruwan huhu yake wucewa.

Kalar gona ba laifi ba ce. Nan gaba a ba su harawa da safe su ƙoshi kafin a sake su, a fara da rabin awa, a riƙa ƙara lokaci. Ganyen dankalin ma ya fi saiwar amfani gare su, don ya fi furotin. Ruɓaɓɓen dankali mai baƙin tabo a tsince shi, yana ɗauke da gubar da ke lalata huhu.

Tambaya: Ina karatu a Ingila. Na ga manoma suna sakin tumaki masu ciki a gonar wasu saiwoyi da sanyi. Me ya hana mu yin haka a gida?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka gani tanif ne da danginsa, 'yan gidan kabeji, ko kuma wata saiwa mai suna bit da ake nomawa don dabbobi. A Ingila da Sikotilan da Niyu Zilan ciyawa takan tsaya da girma lokacin hunturu, sai a shuka waɗannan musamman don cike giɓin kafin haihuwar bazara. Amma ba sakin kara zube suke yi ba. Da wayar lantarki suke yanka wa garke rabon yini, gobe a matsar da ita gaba. Suna ajiye busasshiyar ciyawa a gefe da busasshen wurin kwanciya, suna cire tsofaffin da haƙoransu suka zube, suna kuma ɗaukar hoton ciki don ware masu tagwaye a ƙara musu abinci. Tanif kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne, ga shi ɗan tayi ya matse tumbi, don haka idan haihuwa ta matso da yawansu sukan ƙara abinci mai furotin ko su janye tumakin daga gonar. Su ma suna fama da matsalar aidin, kamar mu da rogo.

Tanif shukar ƙasar sanyi ce, ba za ta ji daɗin zafin Sakkwato ko Maraɗi ba. Abin ɗauka shi ne tsarin: rabo a ƙayyade, busasshen abinci a gefe, masu tagwaye daban. Makiyayi da igiya da turke ma zai iya wannan.

Tambaya: A Bokkos muke, dankalin Turawa da kasuwa ta ƙi yana taruwa mana. A ba tumaki?

Amsa: A ba su kaɗan-kaɗan, bayan sun ci harawa. Wanda ya yi kore ko ya tsiro yana da guba, haka ganyensa, waɗannan a kawar da su. A wanke, a yanka a tsaye, domin ƙaramin dankali mulmulalle shi ne ke maƙale wa dabba a maƙogwaro. In kun ga tunkiya na dalalar da miyau, wuya a miƙe, ciki na kumbura, kada a tura mata sanda a baki, a nemo likita nan take.