Amsa ga yarona kan ƙaramin macijin cikin gida

Ka tambaye ni, ɗana, yadda za ka gane ƙaramin macijin nan mai ruwan toka da ake yawan samu da dare inda ruwa ke kwanciya a gida, da kuma ko ana ɗaukarsa da hannu tun da an ce dafinsa ba ya kisa. Idan bayansa na da ƙananan ɗigo-ɗigon fari, gefen kansa baƙi mai sheƙi, leɓensa na sama ja ko fari, ƙwayar idonsa kuma a tsaye, to shi ne, kuma kwaɗi ya biyo. Da wuya ya wuce santimita 70, haƙoran dafinsa suna can ƙuryar baki, in ya tsorata kuwa sai ya baje kai yana huci don a zaci kasa ce. Zancen sanda da buhun da muke kama maciji da su ba zan ɓata bakina a kansa ba.

Batun hannu shi ya fama mini tsohon miki. Na taɓa horar da wani yaro a sana'armu ta kama macizai, wanda har yau ban sami mai natsuwarsa ba. Wani mai gida ya aiko ba na nan, ya rantse wa yaron cewa macijin da ke gidansa ɗan tsurut ne marar dafi, har 'ya'yansa sun sha ture shi da ƙafa, duk don a rage masa ladan aiki. Yaron ya tarar da baƙin maciji mai santsi, kai da wuya duk ɗaya, idanu 'yan mitsi-mitsi, gajeriyar wutsiya mai tsini, sai ya riƙe shi a bayan kai yadda ake riƙe sauran. Ashe irin na ƙarƙashin ƙasa ne, wanda ke zaro haƙori ɗaya ta gefen baki, bakin a rufe, ya kai suka ta baya. Babban yatsansa ya kumbura ya ruɓe, sai da likita ya yanke gaɓa guda. Mutumin nan ko sannu bai zo yi ba, ya hana ladan, wai ba shi ya ce a sa hannu ba. Yaron ya bar sana'ar, ni kuma na yi asarar magaji.

Ku yaran yanzu da kun ga hoto a waya sai ku ɗauka kun ƙware. Kububuwa ma ƙarama ce, ga ta da kisa. In ka ji maciji na goga jikinsa yana ƙara kamar ana zuba ruwa a wuta, halin kububuwa ke nan, ka ja da baya ka kira ni.