Tambaya da Amsa: Na haddace SQL, amma aiki ya gagare ni

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Aboabo, Kumasi. Burina in yi aikin kula da rumbun bayanai a banki ko asibiti. Na haddace umarnin SQL da dama, amma da an ba ni aikin gaske sai kaina ya kulle. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Haddarka ba ta tafi a banza ba, sai dai abin da ya kamata ka fara koya shi ne tsara bayanai. Da SQL ake yi wa rumbu tambaya, in kuwa tsarin rumbun ya karkace, amsar ma a karkace za ta fito.

Ka shiga kasuwar Kejetia, ka roƙi wani ɗan kasuwa da ya yarda da kai ya bar ka ka duba littafin bashinsa. Za ka tarar mutum ɗaya an rubuta shi iri uku: nan Alhaji Sule, gaba Sulemana, can kuma "mai goro". Ya canza lambar waya, an gyara a shafi ɗaya an manta da sauran. Ranar biya sai gardama ta tashi. Irin wannan ruɗanin ne tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da shi a 1970 yake magancewa: kowane bayani a rubuta shi sau ɗaya, a wuri ɗaya.

Ɗauki biro da takarda, kwamfuta ta jira tukuna. Zana jadawali uku: na masu saye, na kaya, na ciniki. Kowane mai saye ka ba shi lambar da babu mai irinta, haka ma kowane kaya. A jadawalin ciniki kada ka sake rubuta sunan kowa. Lambar mai saye, lambar kaya, kwanan wata da adadin sidi (kuɗin Ghana) sun wadatar. Wannan matakin ɗalibai suka fi rainawa, abin kuma yana damuna ƙwarai, domin nan ne sana'ar take.

Bayan haka sai ka sauke SQLite, wata manhajar rumbun bayanai, kyauta ne kuma ko tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsa. Zuba bayanan, ka yi tambayar da mai shagon zai yi: su wa suka wuce wata uku ba su biya ba? Nawa ake bin kowannensu? A nan umarnin JOIN (na haɗa jadawali) da GROUP BY (na tara bayanai rukuni-rukuni) da ka haddace za su yi maka ma'ana. PostgreSQL, wata manhajar rumbu mafi girma, ya biyo baya in hannunka ya faɗa.

Ranar da aka kira ka ganawar neman aiki, wannan ɗan rumbun za ka nuna, ka bayyana dalilin raba jadawalin uku. Amma kafin nan ka sauya sunayen mutane da lambobin wayarsu. Bashin mutum sirrinsa ne, kuma Ghana tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2012, wadda duk mai wannan aiki ya kamata ya karanta.