Allurar da ba ta motsa ba ita ce abin tsoro

Tambaya daga Bukoki, Yamai: Malam, salulata tana zafi idan ina caji.

Amsa: Daina kallon bidiyo tana kan caji, kuma fito da ita daga ƙarƙashin matashin kai.

Tambaya daga wani mai koyon tuƙin jirgin sama, Yamai: A gwajin injin Cessna 172 kafin tashi, in na juya makulli zuwa L (hagu) sai injin ya kama kakkarwa, a R (dama) kuwa allurar da ke nuna juyin inji ko gezau. An ce a YouTube goge buji kawai ake yi. In goge?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye wayar nan, jirgi ba kabu-kabu ba ne da za ka faka gefen hanya. Injin 172 na zamani silinda 4 ne, buji 8, magineto 2 (na'urorin da ke ba buji wuta, na hagu da na dama), kowane da wutarsa, babu ruwansu da batir. A samfurin 172S ana gwajin a juyi 1,800 a minti, raguwar juyi in an bar magineto ɗaya yana aiki kada ta wuce 150, bambancin biyun kada ya wuce 50. Duba littafin jirginka.

Kakkarwar galibi dalmar da ke cikin man jirgi na 100LL ce ta taru a bujin ƙasa, musamman in an daɗe ana jiran izinin tashi injin yana tafiya a hankali. Wannan mai sauƙi ne.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne R ɗin da ka ɗauka lafiya lau. Makullin nan ba ya ba magineto wuta, kashe shi yake yi ta wata siririyar waya. A R magineton hagu ake kashewa, don haka ya kamata allura ta ɗan sauka. Ta ƙi sauka, ke nan mai yiwuwa wayar ta tsinke, magineton hagu yana raye ko da makulli yana aljihunka. Wani bawan Allah ya zo ya murza farfela da hannu zai tura jirgi inuwa, injin ya tashi a kansa. Haka ake rasa hannu, har rai! Kada ka tashi da shi. Rataya takardar gargaɗi a farfela, rubuta matsalar a kundin jirgin, kira bakanike mai lasisin ANAC, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijar, ka tambaye shi ko an yi wa maginetocin binciken awa 500.

Tambaya daga Tawa: Kwamfutar hannu da nake duba taswira tana mutuwa a cikin jirgi.

Amsa: Rana ce. Cire mata riga, kauda ta daga gilashi, ka riƙe taswirar takarda.